Tsakanin Tayi da Sallama

A farkon shekarar 1824 wani Bature mai yawon buɗe ido da leƙen hanyoyi, Hugh Clapperton, ya sauka a Kano ya yi makonni yana zaga gari. Babu inda ya ɗauki hankalinsa kamar kasuwar Kurmi, wadda take ci a bakin Jakara tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, a ƙarni na 15. Cikin abin da ya ba da labari har da masu tsire. A kusa da mahauta ya ga an hura wuta, an kafa tsinke a kewaye da ita, tsoka da kitse an jera su bi-da-bi, mai wucewa ya tsaya ya saya da zafinsa. Yau sama da shekara ɗari biyu ke nan, kuma tukubar mai tsire ba ta sauya fasali ba. Saboda haka duk mai cewa sayen dafaffen abinci a titi baƙon abu ne da zamani ya kawo mana, bai waiwaya da nisa ba. Mun daɗe muna saye, mun daɗe muna kwaɗayi. Abin da ya sauya shi ne tazarar da ke tsakanin ido ya gani da hannu ya biya. A da doguwa ce, cike da shingaye, kuma idan muka bi tarihin sayayyarmu za mu ga yadda shingayen nan suka yi ta faɗuwa, wani da saninmu, wani muna barci.

Shi kansa kuɗin na wancan zamani nauyi gare shi. Wuri ake kashewa. Lokacin da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, wuri 2,500 ne ke daidai da dala ɗaya ta azurfa. Sai an zube shi a tabarma, a yi ta ja da yatsu biyar-biyar har a kai adadi, mai saye na kallo, mai sayarwa na kallo. Wanda zai sayi babbar riga ko doki sai ya nemi ɗan dako ko jaki ya ɗauko masa kuɗin. Ba a sayen irin wannan abu bisa tsautsayi. Tun daga gida aka yi niyya, aka yi shawara, aka ƙirga, wata rana ma har aka kwana a kan maganar.

A ƙauye kuwa kasuwa ba kullum take ci ba, kuma har gobe haka abin yake: Wudil ran Juma'a, Maigatari ran Alhamis, Dambatta ran Lahadi. Abin da ka yi sha'awa ran Litinin sai ka jira ranar kasuwa, kafin ta zagayo sau da yawa sha'awar ta kwanta. Abincin gida yana rumbu. Maigida ne ke ɗebo damin gero ko dawa, ko ya auna da kwano ya miƙa, cefanen da ya rage bai wuce gishiri da kanwa da daddawa da ɗan mai ba, sai nama idan hali ya yi. Kuka da kuɓewa da yakuwa suna bayan gida.

Amma babban shinge, wanda ya fi sauran tsawo, shi ne ciniki, kuma ya kamata mu tsaya a kansa domin yaranmu da yawa ba su san daɗinsa ba. Ka zo rumfar mai koli ko mai tufafi, ba ka fara da kaya ba, da gaisuwa za ka fara: ya kasuwa, ya iyali, ya aka ji da sanyi. Sannan ka ɗauki turmin ka juya shi, ka murza bakinsa ka ji ko sitaci ne ya ba shi kauri, ka fita da shi bakin rumfa ka duba a hasken rana. Ka ce, “Nawa?” Ya ce, “Taya mana, Alhaji.” Ka taya da abin da kai ma ka san bai kai ba. Ya ce, “Albarka.” Ka ƙara kaɗan, ya rantse ko uwar kuɗi bai kai ba. Ka ajiye, ka sa takalmi, ka yi taku uku. In ya kira ka, ka san inda farashi yake. In bai kira ba, ka leƙa rumfa ta gaba ka ji nasu. Kafin a kai ga “Kawo kuɗi, na sallama,” an ci lokaci mai tsawo, kuma a cikin wannan lokaci zuciya ta samu damar tambayar kanta ko da gaske tana son abin. Mutane nawa ne suka taya kaya da zafin sha'awa, aka ce albarka, suka wuce, kafin su kai ƙofar kasuwa sun gode wa Allah da ba a sallama ba? Ba don hana ɓarna aka ƙirƙiro ciniki ba, don daidaita farashi ne, amma aikin nan na biyu ya daɗe yana yi mana shi ba mu lura ba.

Ta fuskar abinci kuma akwai kunya. Dafaffen abincin kasuwa na baƙo ne, da bafatake, da gwauro, da yaro. Magidanci mai mutunci ba ya zama a bainar jama'a yana tauna. Malamanmu ma sun karantar a littattafan fiƙihu cewa ci a kasuwa yana cikin abin da ke rage wa mutum kwarjini, har ya iya shafar karɓar shaidarsa. In ya sayi tsire ko balangu, sai a naɗe masa ya sa a aljihun riga ya kai gida. Cinsa na dare a zaure yake ko a ƙofar gida, inda kowane maƙwabci zai fito da akushinsa a yi ciyayya, wanda gidansa ba a ɗora tukunya ba ya sa hannu ba tare da kowa ya tanka ba.

Wannan ba ya nufin gidaje ba sa sayen abinci. Suna saye ƙwarai, sai dai daga cikin gidajen juna. A gidaje da yawa tuwon dare ne kawai girkin gida. Da safe a aiki yaro ya sayo koko da ƙosai ko waina, da rana fura ko ɗanwake ko dambu, duk daga hannun matan da ke cikin kulle, waɗanda 'yan talla ne ƙafafunsu. Wata masaniyar tattalin arziki 'yar Ingila, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a shekarun 1960, ta yi rubutu a kan wannan ɓoyayyar kasuwa da ba ta da rumfa ko ɗaya, amma hatsi da abinci masu yawa ke bi ta cikinta. Abin lura a nan shi ne inda kuɗin yake tafiya. Kwabon da ya fita daga wannan gida gidan gaba ya shiga, daga nan ya faɗa asusu ko adashi, ƙarshensa ya zama kwano da tasa a jeren wata amarya a unguwar. Ko kwaɗayin yara, su alewa da nakiya da tuwon madara da ƙuliƙuli, bai fita daga wannan da'ira ba.

Jirgin ƙasa ne ya fara girgiza wannan tsari. Dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga fasinja da kaya a 1912, kuma nan da nan cinikin gyaɗa ya tashi fiye da yadda Turawan kansu suka zata, domin su auduga suka sa rai. Gwamnatin mulkin mallaka ta dage a biya haraji da kuɗinta na ƙarfe, sai wuri ya ja baya, anini da kwabo da taro da sisi da sule suka maye gurbinsa. Dukiyar da a da sai jaki yanzu ta shiga lalita. Kamfanonin Turawa irin su John Holt da Kamfanin Neja, wanda daga baya ya narke cikin UAC a 1929, suka kafa kantuna a wajen ganuwa, Kwarori suka yi nasu a Fagge, inda har yau sunan Kantin Kwari yake. Attajirai irin su Alhassan Dantata suka zama gada tsakanin manomi da kamfani. Da kaka, manomi ya kai gyaɗa an auna an zuba masa kuɗi a hannu, ga kanti nan kusa da sikeli: atamfa, akoko, fitilar ƙwai, kwanukan fenti, sabulu, sukari, da kuma keken Raleigh, burin kowane saurayi. A nan ne aka fara ganin mutum ya shigo gari da kuɗin shekara ya koma da kaya fiye da niyyarsa. Duk da haka mai kanti yana bayan kanta, kaya suna bayansa. Sai ka faɗi abin da kake so da bakinka a miƙo maka, kuma faɗin ma wani ɗan shinge ne.

Dabarar cire wannan shinge daga Amurka ta fito. A 1916 wani ɗan kasuwa, Clarence Saunders, ya buɗe kanti a birnin Memphis mai suna Piggly Wiggly, inda ya bar masu saye su ratsa tsakanin kaya da kwando a hannu, su ɗauki abin da suke so, su biya a bakin ƙofa. Albashin yaran kanti yake son ragewa, sai aka gano abin da ya fi wannan riba: mutum in ya taɓa kaya da hannunsa, ba wanda ke kallonsa, ba wanda zai tambaya farashi balle ya ji nauyin ajiyewa, yakan ɗauki abin da bai zo saye ba. Daga nan aka koyi jera kaya da lissafi. Abin bukata a can ƙurya domin ka ratsa komai kafin ka kai gare shi, kayan zaƙi a wurin biyan kuɗi daidai tsayin idon yaro. Irin wannan babban kanti ya iso Najeriya ta hannun UAC, wadda ta buɗe Kingsway a Legas a 1948, daga baya rassa suka bazu har manyan biranen Arewa, ga kuma na Leventis, wanda a Kaduna har yau akwai shataletalen da ake kira da sunansa. Sai dai a wancan lokaci kantin Turawa ne da manyan ma'aikata. Talaka yana wucewa ta gabansa ne a kan keke.

Shekarun 1970 ne suka jefa jama'a da yawa cikin harkar. Naira ta maye fam a 1973, kuɗin man fetur ya ɓarke, sannan aka yi ƙarin albashin Udoji, wanda aka biya har da bashin watannin baya a dunƙule a farkon 1975. Dattawan da suka ga lokacin suna ba da labarin yadda rediyo da babur da agogo da firji suka yi ta ƙarewa a kantuna, da yadda farashi ya bi kuɗin a guje. Ma'aikacin da bai taɓa riƙe irin wannan kuɗi ba ya ji kunyar tsayawa ciniki. Wannan sabuwar kunya ce, kishiyar ta da: a da saurin biya alamar rashin wayo ne, yanzu dogon tayi ya fara zama alamar rashin hali. A daidai wannan lokaci fari ya koro mutanen karkara zuwa birane, masana'antun Bompai da Sharada da masaƙun Kakuri a Kaduna suna ɗaukar leburori, ofisoshin sababbin jihohi suna cika. Mutumin da ya fita tun asuba, gidansa yana nesa ko iyalinsa suna ƙauye, ba zai jira akushi ba. 'Yan tuwo-tuwo suka cika tashoshin mota da bakin kamfanoni, teburin mai shayi ya zama wurin karin kumallo da jin labarai a rediyo, burodi da Bournvita da madarar gwangwani suka zauna daram kusa da koko. Kunyar ci a waje ba wa'azi ne ya kore ta ba, aikin albashi ne.

Abin mamaki, talauci ya fi wadata saurin sauya mana ɗabi'a. Daga 1982 aka shiga tsuke bakin aljihu, a 1984 mutane suna layin sabulu da madara da shinkafa, a 1986 gwamnatin Babangida ta kawo shirin gyaran tattalin arziki na SAP, darajar naira ta zube. Manyan kantunan da suka dogara da kayan waje suka fara mutuwa, Kingsway ma bai tsira ba. Amma daga cikinsa wani abu ya fito. Sashen sayar da kayan ƙwalama na kantin ne UAC ta mayar gidan abinci mai zaman kansa, ta buɗe Mr Bigg's na farko a Marina ta Legas a 1986, kuma a shekarun da suka biyo baya jan tambarinsa ya bazu a biranen ƙasar. Kamfanoni kuma suka gane cewa wanda ba zai iya sayen gwangwani ba zai iya sayen cokali guda. Cowbell ta fito da madarar ƙulli a leda a 1993, omo da man girki da tumatir da ruwan sha duk suka bi sahu. Wannan ya taimaki mai ƙaramin ƙarfi, ba a musu. Sai dai ya raba mu da awon wata, ya mayar da cefane abin yi sau uku a rana a wurin mai tireda, kuma kuɗin da ke fita kaɗan-kaɗan ba ya jin zafi, sai an zo lissafi a ga ya fi na buhu.

Indomie ita ce sarauniyar wannan zamani. Daga Indunusiya aka fara shigo da ita a ƙarshen shekarun 1980, a tsakiyar shekarun 1990 aka kafa masana'antarta a Ota ta jihar Ogun. Ba ta bukatar daka, ba ta bukatar tankaɗe, ba ta bukatar miya, ga gishiri da ɗanɗanon da harshen yaro ba ya mantawa. Mai shayi ne ya yi mata babban aiki a Arewa. Ka tsaya a teburinsa bayan isha ka gani: risho biyu ko gas suna ci, ƙaramar tukunya a kan ɗaya, kasko a kan ɗaya, ya yanka albasa da attaruhu a tafin hannu, ya fasa ƙwai biyu a kofi yana kaɗawa, yana tambayar na gefe ko shayinsa mai kauri ne. Kafin ka gama gaisawa da mutanen benci an miƙo maka faranti. Tuwo kuwa tun la'asar ake fama da shi, daga surfe zuwa talge zuwa tuƙi. Matar da ta dawo daga aiki ko makaranta a gajiye, ga tsadar itace da gawayi, ba a yi mata adalci ba in aka ce lalaci ne ya sa ta buɗe kwali.

Da aka shiga shekarun 2000, cin abincin waje ya tashi daga larura ya zama ado. Manyan kantuna na 'yan gida irin su Sahad da Jifatu suka koya wa matsakaitan iyalai tura keken sayayya, gidajen soyayyar kaza da shawarma da askirim suka jeru a manyan tituna. Shoprite ta Afirka ta Kudu, wadda ta fara a Legas a 2005, ta buɗe a Ado Bayero Mall da ke titin Gidan Zu a 2014. Duk wanda ya ga cincirindon ranakun Sallah a wurin ya san ba sayayya kaɗai ta kawo mutane ba. Da yawa kashe ƙwarƙwatar ido suka zo yi, da ɗaukar hoto, amma da wuya a fita hannu rabbana. Ya kamata mu faɗi gaskiya game da abin da ke jan mutane, domin ba ɗanɗano ba ne kawai, balangun bakin titi ya fi kazar da yawansu daɗi. Akwai sanyi a garin da zafi ke gasa mutane, akwai wuta a lokacin da unguwa take cikin duhu, akwai tsabta da wurin zama. Mace za ta shiga ba a bangaje ta ba, ba a tsawwala mata farashi don an ga shigarta ba. Saurayi da budurwa sun sami inda za su zauna ido na ganin ido. Uban da bai iya kai 'ya'yansa ko'ina ba ya sami wurin fita da su. Birane ne da suka girma ba a tanadar musu wuraren shaƙatawa ba, sai kanti ya cike gurbin, kuma kuɗin shigarsa shi ne abin da ka saya ba ka yi niyya ba.

Sai waya. Tun da aka fara layukan salula na GSM a 2001 ake tafiya a hankali, amma ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, bayan sauya fasalin naira, shi ya tura kowa cikin biya ta waya da ƙarfi. Mai kayan miya da mai rake da mai shayi duk suka manna lambar asusu a jikin teburi, OPay da Moniepoint suka shiga bakin tsofaffi. Wanda ke ƙirga takarda yana ganin damin na raguwa, yana jin sa a yatsunsa. Wanda ke danna waya lamba kawai yake gani. Kasuwar ma ta daina jiran a je mata, ita ke biyo mutum har kan katifa, cikin hotunan WhatsApp da Instagram da TikTok: leshi, turare, takalmi, kek, farfesu, a turo kuɗi a kawo har ƙofa. A nan akwai abin farin ciki na gaske, domin yawancin masu wannan sana'a matan aure ne a cikin gidajensu, jikokin masu ƙosai da fura na da, kuma waya ta ɗauke wa yarinya farantin talla ta bar ta ta je makaranta. Sai dai ciniki a rubuce ba shi da taku uku. Ba rumfa ta gaba, ba murza bakin zane, hoto ne da farashi da gargaɗin saura guda biyu.

Tsadar da ta biyo bayan cire tallafin man fetur a 2023 ta ja wa mutane da yawa birki ba da son ransu ba. Shoprite ta rufe reshenta na Kano a watan Janairun 2024, gidaje sun koma awon rabin kwano, a Singa da Dawanau da 'Yankaba ana tayi da zafi kamar ba a taɓa dainawa ba. Da ma shinge ɗaya ne ya rage wanda ba ya bukatar tarbiyya ko al'ada, wato babu. In ba kuɗi, ba saye. Shi ma yanzu ana sassaƙarsa. Bashi ba sabon abu ba ne a wurinmu, mai tireda yana da littafinsa, amma ya san mahaifinka, ya san ranar albashinka, kuma in ya ga abin ya yi yawa zai ce, “Malam, a bari wata ya mutu.” Manhajojin ba da rance na waya ba su san kowa ba. Cikin 'yan mintoci kuɗi ya shigo, da ruwa mai nauyi a kansa, ba shaida ba jingina sai izinin shiga lambobin da ke wayarka. Ranar da biya ya gagara, wasunsu sukan aika wa 'yan'uwa da surukai da abokan aiki saƙon tozarci, abin da ya kai hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ga kai samame ofisoshin wasu daga cikinsu a Legas a 2022.